Ƙamshin Rigar Feshi

'Yata ta cika shekara shida ba ta taɓa ce mini Baba ba. Amma idan ka zauna a tsakar gidanmu ka rufe ido, sai ka rantse keken ɗinki biyu ne a gidan, alhali guda ɗaya ne tak. Na biyun a bakinta yake. Uwarta na taka keke a ɗaki, ita tana zaune a bakin ƙofa tana yin nata, har da 'yar ƙarar nan da keke ke yi idan zaren ƙasa ya kusa ƙarewa. Sau da yawa uwar takan tsaya ta duba zare, sai ta ga ashe ba nata keken ba ne.

Kurciya muke ce mata. Tana da shekara biyu, muna ta jiran ta ce Mama, sai wata safiya muka ji kukan kurciya a ƙarƙashin tebur. Muka leƙa, ita ce. Ba a jima ba wata kurciyar gaske ta sauka a kan katanga tana amsa mata, suka yi ta yi, mu kuma muka tsaya da kofin shayi a hannu har ya huce. Daga ranar babu ƙarar da ta fi ƙarfinta. Ƙofar bayan gida mai kuka, butar shayi idan ta tafasa, babur ɗin maƙwabcinmu da sai an buga sau uku yake tashi, duk suna cikin maƙogwaron yarinyar nan, kuma ba ta kuskure. Ni ba mutum ba ne mai saurin buɗe baki don mamaki, amma Kurciya kullum sai ta bar ni baki sake.

Sai dai ba ta kallon mutum a ido. Ba ta son a rungume ta. Idan na miƙa hannu sai ta zame ta koma kan maɓallan uwarta, tana jera su a layi daga ƙarami zuwa babba. A asibiti sun ba abin wani suna mai tsawo, suka rubuta mana a takarda. Na ajiye takardar, amma sunan bai zauna a kaina ba. Abin da ya zauna shi ne ina da 'ya wadda ban taɓa jin kanta a ƙirjina ba tun da ta fara tafiya, kuma abin yana yi mini ciwo.

Sana'ata feshi ce. Shekarata goma sha biyu ina goya tanki a gonar lemo, kuma ba yabon kai ba, babu wanda ya kai ni kiyayewa a cikinmu. Da sassafe nake feshi kafin iska ta tashi, idan ta tashi kuma na ba ta baya. Safar hannu, takalmin roba, takunkumi, babu wanda nake bari. Abokan aikina idan bakin famfon feshi ya toshe sai su sa baki su hura, ni kuwa tsinke nake nema. Saboda haka suke ce mini Likitan Gona, suna dariya. Ban taɓa kai kwalbar magani gida ba, ko da babu komai a ciki. Rigar aikina ma, wata shuɗiya mai dogon hannu, a famfon gona nake wanke ta da hannuna in shanya a can.

A kan abu ɗaya kawai na karya wannan doka, kuma shekara da shekaru muna ba da labarin ana dariya.

Matata, wadda kowa ke kira Tela har ni, ta sha wuyar laulayi da cikin Kurciya. Warin sabulu amai, warin albasa amai, turaren da na saya don in burge ta ma ta ce in fita da shi. Ta rame har zobenta na zamewa. Wata rana aka ɗauke ruwa a gona, ban samu na wanke rigar ba, sai na ƙulle ta a leda na taho da ita. Ina shiga ɗaki Tela ta ɗago kai daga matashi tana shinshina.

"Mene ne wannan mai ƙamshi?"

"Ƙamshi kuma? Rigar feshi ce, bari in fitar da ita."

"Miƙo ta nan."

Ta kwance ledar, ta tusa fuska a cikin rigar, ta ja numfashi mai tsawo. Wallahi a gabana aman ya tsaya. Ranar ta ci abinci har da neman ƙari. Tun daga nan kullum da la'asar sai in dawo mata da rigar ba wanki, ta kwanta ta rufe fuska da ita kamar rabin awa, sannan ta tashi ta hau keke. Wata biyar muka yi a haka. Ina ce wa abokaina wasu matan idan suna da ciki ƙasa suke ci, wasu warin fetur suke nema, tawa kuwa warin mijinta take so. Har ƙafafu nake bazawa idan ina faɗa.

To bana Allah ya sake ba mu rabo. Cikin na wata huɗu, laulayin ya dawo da ƙarfinsa, kuma ba sai an tuna mini magani ba. Kwana bakwai ke nan ina dawo mata da rigar.

Ranar awon ciki na ɗauki hutu na raka ta, muka tafi da Kurciya don ba ta zama a wurin kowa. Ɗakin likitar ƙarami ne, gado ɗaya mai shimfiɗar roba, sikeli a kusurwa, fanka na juyawa tana ƙyas-ƙyas. Kafin mu zauna Kurciya ta riga ta ɗauke ƙarar fankar. Likitar sabuwa ce, 'yar gajeruwa mai tabarau. Ta dubi sama, ta dubi yarinyar, ta sake duban sama.

"Ikon Allah," in ji ta. "Haka take yi?"

"Kaɗan ma kika gani, Likita," na ce.

Ta karanta katinmu, ta tambayi sana'ata. Da na ce feshi, sai ta jawo wata takarda daga aljihun tebur. Ta ce ita da wasu likitoci suna tattara bayani a kan 'ya'yan masu aikin gona, musamman yara irin Kurciya, ko zan yarda ta yi mini tambayoyi. Na gyara zama. Dama na daɗe ina neman wanda zai yaba wa Likitan Gona.

"Kana ajiye magani a gida?"

"Ko sau ɗaya."

"Jarkokin da suka ƙare fa, ana zuba ruwa a ciki?"

"Huda su nake yi in mayar wa manaja."

"Wa ke wanke kayan aikinka?"

"Ni, a gona."

Tana ta sa alama tana gyaɗa kai, ni kuma kaina na ƙara girma. Sai na ce, "Wai Likita, me ya haɗa maganin ƙwari da yarinyar da ba ta taɓa taka gona ba?"

Ta ajiye biro. "Malam, ka fi ni sanin yadda ƙwaro ke mutuwa idan ka fesa masa. Yaya yake yi?"

"Rawar jiki yake yi, ya kife, ƙafafu na karkarwa."

"To, da yawa daga magungunan nan jijiya suke kamawa. Jijiya saƙo take kaiwa, ta kai ta tsaya. Maganin sai ya hana saƙon tsayawa. Kuma yadda jijiyar ƙwaro ke aika saƙo bai yi nisa da yadda tamu ke yi ba. Kai babba ne, jikinka ya gama ginuwa. Amma dubi nan."

Ta juya takardar ta zana wani abu kamar ƙwayar wake. Ta ce ɗan da ke cikin Tela yanzu bai wuce tafin hannuna ba, amma a cikin ɗan kan nan nasa ana haifar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa dubbai a kowane minti. Kowace idan an haife ta sai ta kama hanya ta tafi inda aka tsara mata, wata wurin gani, wata wurin ji, wata wurin magana, ta isa ta miƙa hannu ta riƙe 'yan uwanta. Babu fitila a wurin, babu mai nuna hanya, kuma yawancinsu ba sa ɓata.

Na ce, "Yanzu haka? Muna zaune?"

"Yanzu haka. Tun da kuka shigo an haifi fiye da itatuwan gonarku sau ba adadi."

Na dubi cikin Tela, ɗan tudu ne kawai a ƙarƙashin riga, wanda da safe ma na tsokane ta na ce ƙoshi ne. Ashe aikin da ake yi a ciki ya fi duk wanda na taɓa gani da idona, kuma ba a jin ko motsinsa. Na ce Subhanallahi a fili ban san na faɗa ba.

Likita ta ci gaba a hankali. Ta ce abin da uwa ta shaƙa ko ya taɓa fatarta yana iya shiga jininta, wani kuma ya ƙetara zuwa ga ɗan. Wasu masu bincike sun ga cewa matan da suka yi ta cuɗanya da maganin feshi suna da ciki sun fi samun yara masu jinkirin magana ko irin halin Kurciya. Wasu kuma sun duba ba su ga hakan sosai ba. Akwai yara da yawa irinta waɗanda iyayensu ba su san hanyar gona ba, kuma gado ma yana da nasa hannun.

"Ba mu tabbatar ba tukuna," ta ce. "Shi ya sa muke tambaya. Saura guda ɗaya. Lokacin cikin Kurciya, akwai wata hanya da mamanta ta taɓa maganin ko ta shaƙe shi?"

Na ji Tela ta daina motsi a gefena.

"Babu," na ce.

Da sauri na faɗa, kafin ma in yi tunani. Kunya ce ta kama ni, ba komai ba. Mutumin da ya gama cika baki a kan safar hannu, ta yaya zai buɗe baki ya ce shi da kansa yake kai wa matarsa guba a leda? Likita ta sa alama. Tela ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

Daga nan aka ce ta hau gado. Likita ta shafa mata wani abu mai santsi a ciki, ta ɗora wata 'yar na'ura mai lasifika. Da farko shuu kawai ake ji, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Can sai ga shi. Fat-fat-fat-fat, da sauri, da ƙarfi, ba tsayawa.

"Zuciyarsa ke nan," in ji Likita.

Da cikin Kurciya ban raka ta awo ba, don haka ban taɓa ji ba. Na ɗauka abu ne mai rauni zan ji. Ina! Bugawa yake yi kamar mai sauri ya isa wani wuri. Zuciyar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ce ta cika ɗakin nan har ta danne fanka.

Sai maɓallai suka zube a ƙasa. Kurciya ce ta sake su. Yarinyar da ke toshe kunne ta gudu idan an kunna injin niƙa, ita ce ta taso ta tako har bakin gado, ta karkatar da kai, ta tsaya cak. Ba ta kwaikwaya ba, ba ta yi komai ba. Sauraro kawai take yi, bakinta a ɗan buɗe, har aka kashe na'urar.

Muka fito muka zauna a benci a gaban tagar karɓar magani. Mutane cike, ga masu goyo, ga tsofaffi. Ni da Tela babu mai duban wani. Sai na ji shi kuma, a kusa da gwiwata. Fat-fat-fat-fat. Har da shuu ɗin da ke bayansa. Mata suka fara waige-waige. Wata nas ta leƙo daga ɗakin awo tana tambaya wa ya fito da na'ura. Kurciya na zaune a ƙasa tana kallon bango, zuciyar ƙaninta na bugawa a bakinta.

Ban san yadda zan faɗa ba. A ɗakin likita abin na'ura ne, an kunna an kashe. Amma a nan ya biyo ni waje ya zauna a gabana, ya ƙi yin shiru. Kuma na san a daidai lokacin rigar jiya tana rataye a jikin kujerar keken Tela, tana jiran mu koma.

Na miƙe. Tela ta riƙe hannuna.

"Baban Kurciya, ni ce fa na roƙe ka."

"Ni na san abin da ke jikin rigar. Ke ba ki sani ba."

Na ƙwanƙwasa na shiga. Likita na wanke hannu. Na ce, "Likita, na yi miki ƙarya." Na faɗa mata duka, da ledar, da wata biyar, da kwana bakwai na bana, har da yadda nake ba da labarin ana dariya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta zauna ta cire tabarau ta daɗe tana kallona.

"Mun zauna mu shida muka tsara tambayoyin nan," ta ce. "Babu wanda ya kawo wannan a ransa."

"Ni na yi mata?" na ce. "Kurciya. Ni ne?"

"Ban sani ba, Malam. Ba ɓoye maka nake yi ba. Babu awon da zan yi yau ya ce kai ne, babu kuma wanda zai ce ba kai ba ne. Wataƙila da haka za ta zo ko da kai malamin makaranta ne. Wataƙila rigar ta sa hannu."

Na so ta ce eh ko a'a. Ko wanne ne da na san inda zan ajiye shi.

"Wancan ya wuce mu," ta ce. "Wannan kuwa saura wata biyar, kuma ana kan aikin. Kada rigar ta sake shiga gidan. Ka yi wanka a gona, ka sauya kaya har takalmi. Zan ba ta maganin amai, mu riƙa duba ta a kai a kai."

Ina fita na hange ta ta jawo takardar tana rubuta wani sabon layi a ƙasa da hannu.

Da muka koma gida na sa rigar a leda biyu na ƙulle, na wanke kujerar da ruwan sabulu. Washegari na mayar da ita gona. Bayan aiki na yi wanka a bayan rumbun kaya, abokaina na ta shewa wai Likitan Gona zai je zance. Na dawo gida da la'asar hannu wofi.

Na tarar da Tela a tsakar gida a kan tabarma, bokiti a gefenta. Maganin Likita bai riga ya kama ta ba. Tun safe ko ruwa bai zauna mata ba, leɓɓanta sun bushe. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

"Ba ka kawo ba."

"Ban kawo ba."

"Na sani. Wallahi na san komai, ina wurin aka faɗa. Amma sau ɗaya kawai, Baban Kurciya. Ko daga nesa ka riƙe in shaƙa."

"A'a, Tela."

"Ba kai ke amai ba!" Ta fashe da kuka. "Matsa can, warin sabulu kake yi, kamar wani baƙo."

Shekara takwas da aurenmu ban taɓa hana ta abin da nake da iko a kai ba. Na tsuguna nesa da ita kamar yadda ta ce, ina ji tana kuka, kuma wallahi sai da zuciyata ta raya mini in ari babur ɗin maƙwabci in koma gona in ɗauko. Na dafe gwiwoyina na zauna.

Kurciya na bakin ƙofa da maɓallanta. Kuka na cikin abubuwan da ke sa ta gudu ta ɓuya. Amma sai ta ajiye maɓallin da ke hannunta, ta taso, ta durƙusa a gaban uwarta, ta ɗora kunne a kan cikin. Tela ta haɗiye kukan don kada ta firgita ta. Na san babu abin da kunne zai ji a wurin ba tare da na'ura ba, ko kuma dai kunne irin nawa. Can sai ta fara. Fat-fat-fat-fat, a hankali, kanta na kan cikin.

Tela ta rufe ido. Hawaye na zuba amma numfashinta ya daidaita. Ta ɗaga hannu kamar za ta shafa kan yarinyar, ta fasa, ta bar shi a sama. Bayan wani lokaci ta ce da ni, ba tare da ta buɗe ido ba, "Kar ka kawo. Ko gobe na roƙe ka, ko na zage ka, kar ka kawo."

"Ba zan kawo ba."

Kurciya ta yi shiru. Ta ɗago kai ta juyo wajena. Ba ta dubi idona ba, rigata ta duba, farar da na sauya a gona. Ta tako, ta tsaya tsakanin gwiwoyina, ta jingina kunnenta a ƙirjina. Na ji ɗumin kanta, na ji gashinta a haɓata. Na ɗauke numfashi, hannuwana a sake a gefe, ina tsoron in motsa ta gudu.

Ta daɗe tana sauraro. Sannan ta buɗe baki ta yi wata ƙarar da ban taɓa ji ba, mai nauyi, mai kauri, dum-dum, dum-dum, tana ɗan sassarfa kamar ta mutumin da ya tsorata.

Tela ta buɗe ido. "Taka ce," ta ce.

Na zauna a haka ƙafata na sagewa, ban motsa ba, har sai da ita da kanta ta gaji ta koma kan maɓallanta.